Hayar Akwatin Gawa ga Mai Rai

A unguwannin Sham Shui Po da Mong Kok, a tsakiyar birnin Hong Kong, akwai tsofaffin benaye waɗanda idan ka hau ka tura wata ƙofa za ka tarar an yanka ɗaki guda da katako gida-gida, wasu a sama wasu a ƙasa. Tsawon kowanne bai wuce ƙafa shida ba, faɗinsa ƙafa biyu da rabi zuwa uku. A cikin kowanne akwai mutum. Nan katifarsa take, nan tukunyar dafa shinkafarsa, nan ya kafa ƙusa ya rataye rigunansa, ɗan talbijin ɗinsa kuma yana can wajen ƙafafunsa. Ba ya iya miƙewa tsaye, idan kuma dogo ne sai ya kwana a lanƙwashe. Banɗaki ɗaya ne tsakanin mutum goma sha, ga kuɗin cizo, ga kyankyasai, ga zafin damina mai gumi da ba taga balle iska. Mutanen garin da bakinsu suke kiran irin wannan makwanci akwatin gawa. Kafin a koma katako da ragar ƙarfe ake yin su, shi ya sa ake cewa gidajen keji, kuma har yau ba su ƙare ba. Duk ƙarshen wata, mai kwana a ciki zai ƙirga dalar Hong Kong wajen 2,000, kimanin dalar Amurka 250, ya miƙa wa mai gida.

Wannan abin kunya ne, kuma yana da masu shi. Babu girgizar ƙasa ko yaƙin da ya jefa dattijo cikin akwatin nan. Wasu mutane ne masu ofis da muƙami suka yi shekara da shekaru suna sa hannu a takardun da suka kai shi can, wasu suka sayo katako da ƙusa suka yanka ɗakin, wasu kuma a wata duniyar suka ga abin suka ce ai wannan dabara ce, suka shafa masa fenti suna tallarsa ga matasa. Da su ukun nake magana.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum kusan 215,700 ne ke zaune a ɗakunan da aka yanka daga cikin gidaje, ɗakuna kimanin 108,000. Matsakaicin ɗakin murabba'in mita 11 ne, kuma idan aka raba shi ga mazauna cikinsa kowa zai tashi da murabba'in mita 6. Ɗakin fursuna guda a kurkukun birnin ya ɗan fi haka. Gurbin ajiye mota ɗaya, mita 5 a tsaye mita biyu da rabi a kwance, ya fi ɗakin da iyali ke ciki girma. A cikin waɗannan ɗakuna akwai dubban yara 'yan makaranta da ke yin aikin gida a kan gado, uwa na suya kusa da bakin masai saboda madafa da banɗakin wuri ɗaya ne. A wannan shekarar dai ta 2021, a rukunin gidajen Mount Nicholson da ke kan tsaunin masu hannu da shuni, an sayar da gurbin ajiye mota guda a kan dalar Hong Kong miliyan 10.2. Wannan ba birnin matalauta ba ne. Yana cikin manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi na duniya, kuma a 2019 ajiyar baitulmalinsa ta haura dalar Hong Kong tiriliyan ɗaya.

Da ka tayar da zancen, amsar da ke bakin kowane jami'i ita ce babu fili. Birnin duwatsu ne da tsibirai, in ji su, mutum miliyan bakwai da rabi a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 1,100 da 'yan kai ba, to ina za a sa su? An maimaita wannan har baƙi sun haddace shi suna faɗa a madadinsu. A duba taswira mana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ne kawai aka gina, kuma abin da gidajen zama suka ci bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba. Wajen kashi 40 gandun daji ne da aka keɓe, kuma ban ce a sare su ba, birni na buƙatar inda zai yi numfashi. To sauran fa? Kwamitin da gwamnati ta naɗa da kanta don nazarin filaye ya bayyana a 2018 cewa manyan kamfanonin gine-gine na riƙe da gonakin da ba su gaza hekta 1,000 ba a yankin New Territories. Sun saye su da arha tun shekaru aru-aru, sun zauna a kai suna jiran ranar da farashi zai yi musu daɗi. Ga ɗaruruwan hektoci da aka mayar wuraren jibge kwantenoni da tarkacen motoci. Ga wata doka ta 1972 da ta ba kowane namiji ɗan asalin ƙauyukan yankin damar gina gida mai hawa uku sau ɗaya a rayuwarsa, a birnin da ake ce wa mai shara babu inda za a ba shi ɗaki mai taga.

Sai filin wasan golf na Fanling, wanda shi kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa babu fili. Hekta 172 ne na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, an ba wata ƙungiya mai mambobi 'yan dubbai kaɗan haya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Bayan an sha muhawara, a 2023 gwamnati ta karɓe hekta 32, da niyyar gina gidajen talakawa a wani ɗan ɓangare na ciki. Ƙungiyar ta garzaya kotu, a ƙarshen 2024 kotu ta soke amincewar da aka ba aikin ta fuskar muhalli. Na san akwai tsofaffin itatuwa a wurin, na kuma san kotu doka ta duba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan lauyoyi da masana da manyan mutanen da suka fito kare ciyawar da ake buga ƙwallo a kanta, alhali dattijon Sham Shui Po ya yi shekara goma sha a akwati ba wanda ya ɗauki lauya dominsa sai 'yan ƙungiyoyin agaji irin su SoCO, waɗanda hotunan da Benny Lam ya ɗauka musu suka sa duniya ta leƙa cikin akwatunan.

Singafo ta fi Hong Kong ƙanƙanta, murabba'in kilomita 700 da 'yan kai ce. Ta kafa hukumar gidajenta a 1960, ta yi dokar karɓar filaye a 1966, ta karɓa ta gina, yau kusan mutum takwas cikin goma a gidajen hukumar suke zaune, galibinsu ma mallakarsu ne. Ba aljanna ba ce, ma'aikatan gine-ginenta 'yan ci-rani a cunkushe suke kwana, annobar korona ta tona wannan asiri a 2020. Amma ta nuna cewa ƙanƙantar ƙasa ba hujja ba ce.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce tsadar fili sana'ar gwamnatin Hong Kong ce, kuma ta gaje ta ne daga Turawan Birtaniya da suka mulki wurin har 1997. Duk ƙasar birnin ta gwamnati ce, in ban da filin da cocin St John yake kai. Ba ta sayarwa, hayar shekaru masu tsawo take bayarwa ta hanyar gwanjo ko takara, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A shekarun da kasuwa ke ci, kuɗin fili kan kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shiga baitulmali, wani lokaci ma ya wuce. Da wannan kuɗin ne ake iya alfahari da cewa harajin albashi bai wuce kashi 15 ko kusa da haka ba, harajin ribar kamfani kashi 16.5, babu harajin kayan masarufi. Mai sayar da kaya ba ya son kayansa su cika kasuwa, don haka sai a riƙa sakin fili kaɗan-kaɗan. Kamfanonin da ke da ƙarfin saye kuwa 'yan ƙalilan ne, irin su Sun Hung Kai da Henderson Land da CK Asset da New World Development. Su biya gwamnati, su ɗora a kan mai sayen gida, mai sayen gida ya ɗora a kan ɗan haya, ɗan hayan da ya fi wayo ya yanka gidan ya ɗora a kan wanda ba shi da kowa a ƙasansa. Harajin da aka yafe wa attajiri, mai wanke-wanke a gidan abinci ce take biyansa duk wata da sunan kuɗin haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada wani ya ce ba su san yadda ake yi ba. A daren Kirsimeti na 1953 gobara ta cinye unguwar bukkoki ta Shek Kip Mei, ta bar mutum sama da 50,000 a titi, daga nan gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gidajen jama'a. A 1972 Gwamna Murray MacLehose ya ƙaddamar da shirin shekara goma na samar wa mutum miliyan 1.8 muhalli, aka gina sababbin garuruwa irin su Sha Tin da Tuen Mun. Albarkacin wannan aiki ne yau kusan kashi 30 cikin ɗari na jama'ar ke hayar gidajen gwamnati da rahusa. Shugaban farko bayan komawa hannun Sin, Tung Chee-hwa, ya yi alkawarin gidaje 85,000 duk shekara. Sai rikicin tattalin arzikin Asiya ya auko, farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku zuwa 2003, masu gidaje suka yi ta kururuwa. A 2002 gwamnati ta zaɓi wanda za ta ceta: ta dakatar da gwanjon filaye na yau da kullum, ta tsayar da shirin gina gidajen sayarwa da rahusa, aka yi kusan shekara goma ba a tanadi filayen gobe ba. Farashi ya farfaɗo kamar yadda ake so, ya ninka fiye da sau shida tsakanin 2003 da 2021. Rahoton Demographia kan shekarar 2021 ya ce matsakaicin iyali sai ya tara duk abin da yake samu na shekara 23, ba ci ba sha, kafin ya sayi matsakaicin gida. Layin jiran gidan gwamnati, wanda aka yi alkawarin ba zai wuce shekara uku ba, ya kai shekara shida a 2022. Wannan ma na iyalai ne da tsofaffi. Gwauron da bai tsufa ba layinsa daban ne, yana iya yin furfura a kai. Daga 2021 farashin saye ya sauka ƙwarai, amma haya ba ta bi shi ƙasa ba, ɗan haya bai gani a ƙasa ba.

Ku kuma masu yanka ɗakuna, kada ku laɓe a bayan gwamnati. A 1994 aka yi doka cewa duk gidan da ke da gadajen haya 12 ko fiye sai ya nemi lasisi, a duba masa hanyar gudun gobara da tsabta. Me kuka yi? Kuka riƙa sa 11. Mutumin da ya zauna ya ƙirga iyakar rayukan da zai cusa ba tare da hukuma ta leƙo ba, ya san abin da yake yi. Idan aka auna da ƙafa, mai kwana a akwati yana biyan fiye da abin da mai hayar katafaren gida a unguwar attajirai ke biya a kan kowace ƙafa, wani lokaci ninki biyu. A kan haka kuka riƙa ƙara masa kuɗin wuta da na ruwa sama da abin da kamfani ya caje ku, har sai da dokar Janairun 2022 ta hana, ta kuma ce ƙarin haya a lokacin sabunta yarjejeniya kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Dokar ba ta sa iyaka ga kuɗin farawa ba, don haka mai gida sai ya tsuga tun daga ranar farko. Kuma wace bazawara ce mai 'ya'ya biyu za ta kai ƙarar wanda makullin ɗakinta ke hannunsa?

Katakon da kuke kafawa yana kashe mutane. A ƙarshen Nuwamban 2011 wuta ta tashi a rumfunan kasuwar titin Fa Yuen a Mong Kok ta kama benen da ke kusa, mutum 9 suka mutu, kuma yanke-yanken da aka yi wa gidajen ya toshe wa wasu hanyar matakalar baya. Akwai kuma waɗanda suka gwammace su kwana a zaune a kujerun McDonald's masu buɗewa dare da rana, saboda can akwai sanyi kuma babu kuɗin cizo. A Oktoban 2015 wata mata ta mutu a kan tebur a wani reshen da ke Kowloon, ta yi sa'o'i a kife jama'a na cin abinci a gefenta ana zaton barci take.

Masu matsakaicin hali ma ba su fita ba. Birnin na da 'yan aikin gida sama da 300,000, yawancinsu mata daga Filifin da Indunusiya, kuma tun 2003 doka ta wajabta musu kwana a gidan da suke aiki. Rahotannin ƙungiyoyin da ke tallafa musu sun nuna inda wasu ke kwana: a madafa, a saman injin wanki, a cikin kabad, har a banɗaki. Wanda ke kukan mai gida ya matse shi, shi ma ya samu wadda zai matse.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda suka fi ba ni haushi, masu shafa wa akwatin fenti. Otal ɗin kwanan ɗaki-akwati na farko an buɗe shi ne a Osaka ta Japan a 1979, Kisho Kurokawa ne ya zana shi, kuma manufarsa a bayyane take: ma'aikacin da jirgin ƙasan ƙarshe ya tafi ya bar shi ya samu inda zai kwana dare ɗaya, da safe ya koma ofis, daga baya ya koma gidansa. Yana da gida. Yau an ɗauko wannan makwancin dare ɗaya an ce shi ne gidan. A 2023 kamfanin Brownstone Shared Housing ya jera irin waɗannan akwatuna a wani tsohon ginin banki a tsakiyar San Francisco, hawa biyu-biyu, kowanne tsayinsa ƙafa huɗu, faɗinsa ƙafa uku da rabi, da labule a bakinsa, dala 700 a wata. Hukumomin birnin suka ce an yi ba tare da izinin da ya kamata ba. Kafin su akwai PodShare, wadda a 2019 take karɓar dala 1,200 a wata a kan gado mai hawa a buɗaɗɗen ɗaki. A Basalona ta Sifaniya wani kamfani mai suna Haibu ya fito da nasa a 2018, yuro 200 a wata, magajiyar garin ta lokacin, Ada Colau, ta ce doka ba ta yarda a tara mutane a jibge ba.

Aka yi ta kai 'yan jarida suna ɗaukar hoto. Ga fitila mai kyau, ga wurin cajin waya, ga intanet mai sauri, ga saurayi ya zo birni zai kafa kamfanin fasaha, yana murmushi yana cewa ai shi ba ya buƙatar tarkace, kwamfutarsa ta ishe shi. Aka ce wannan sabuwar rayuwa ce ta zumunci da sauƙin kai. Akurki dai akurki ne, ko da an sa masa lantarki. Saurayin nan mai digiri yana da iyayen da zai koma wa, yana da ranar fita, wata shida ko shekara zai yi ya samu jari ko albashi mai tsoka ya kama gida, daga baya ya riƙa ba da labarin a matsayin gwagwarmayar ƙuruciya. Da fuskarsa ake tallar, amma kasuwar da ake buɗewa ta mai gadi ce da mai goge-goge da direban da ke kai abinci gida-gida, waɗanda ba su da ranar fita. Duk lokacin da aka yi wa akwatin dala 700 tafi, an gaya wa kowane mai gida a birnin cewa ɗakinsa mai ƙofa da taga ya cancanci ninki uku, an kuma gaya wa 'yan majalisar birni cewa kasuwa ta samo mafita, su ci gaba da barci.

Hujjarsu ita ce da babu gara ba daɗi. Ɗaki mai falo a San Francisco wajen dala 3,000 ne a wata, in ji su, to ba gara akwati da kwanan titi ba? Gara mana. Wa ya ce ba gara ba? Ba na zargin wanda ya shiga akwati, ko a Kalifoniya ko a Kowloon, ya auna aljihunsa ne ya zaɓi abin da zai iya. Tambayar ita ce wa ya rage masa zaɓi har ya zama daga titi sai akwati. A San Francisco amsar ba ta ɓuya. Shekaru da dama dokokin tsara birni sun hana gina benayen haya a mafi yawan unguwannin zama, masu gidajen da suka riga suka shiga sun mayar da kowane zaman sauraron jama'a dandalin hana sabon gini, wannan ya ce zai tare masa rana, wancan ya ce zai ɓata kamannin unguwa, izinin gini kuma ya zama aikin shekaru. A lokaci guda kamfanonin fasaha na ta ɗaukar dubban ma'aikata masu manyan albashi. Har sai da gwamnatin jihar ta tilasta wa birnin ya tsara gidaje 82,000 kafin 2031. Waɗannan masu hana ginin su ne kuma ke manna takardun tausayin marasa galihu a tagoginsu.

Birnin ma yana da ɗakunan talaka a da. Akwai ɗaruruwan ƙananan otal-otal da ma'aikatan jirgin ruwa da 'yan ƙwadago da tsofaffi ke haya da mako ko da wata, ɗaki ƙarami amma mai ƙofa da makulli. An rushe dubbansu da sunan sabunta gari. A watan Agustan 1977 'yan sanda suka fitar da tsofaffin 'yan Filifin da 'yan Sin daga International Hotel da tsakar dare, aka rushe ginin, filin ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana rami. Jikokin waɗanda suka rushe ɗaki mai ƙofa ne yau suke sayar da labule.

Akwai wani darasi a tarihin wannan birni da ya kamata Hong Kong ta karanta. A 1870 San Francisco ta yi dokar cewa kowane mai kwana a gidan haya sai ya samu sararin iska na ƙafa 500 idan aka ninka tsawo da faɗi da tsayi. A takarda don lafiya aka yi, a aikace don a kori 'yan ci-ranin Sin aka yi. Aka riƙa kama 'yan haya ana tura su kurkukun da ya fi inda aka ɗauko su cunkoso. Akwatin nan na dala 700 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ma'auni ba. Dokar da ta haramta ƙaramin ɗaki ba tare da ta samar da babba ba, a kan ɗan haya take ƙarewa.

'Yan kasuwarmu da ke bi ta Hong Kong zuwa Guangzhou sun san ɗakunan Chungking Mansions, inda gado ke cinye ɗakin har ƙofa ba ta buɗuwa sosai, sukan dawo suna ba da labarin ana dariya. Kwana kaɗan suke yi su taho. Amma kafin mu yi dariyar, a tuna da ma'aikacin Abuja da haya ta kora Mararaba da Nyanya, da samarin da ke kwana a shago ko a kangon gini a Legas, da 'yan matan arewacin Gana masu dako da ke kwana a jere a ɗakunan katako a Akara, a ƙasar da doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba amma ana neman na shekara biyu. Masu zuba jari a biranenmu suna kallon abin da ake yi a waje, kuma ba wuya wani ya dawo da hoton akwati mai fitila ya ce ga ci gaba.

A Oktoban 2024 shugaban Hong Kong, John Lee, ya sanar da ƙa'ida: ɗakin da aka yanka kada ya gaza murabba'in mita 8, ya zama yana da taga da banɗakinsa. Majalisa ta amince a 2025, tare da ba masu gidaje wa'adin shekaru su gyara. Ya kuma yi alkawarin gidajen wucin gadi 30,000 da ake haɗawa cikin sauri. Ba zan ce ba komai ba ne, taga ta fi rashin taga. Amma murabba'in mita 8 har yanzu bai kai gurbin mota ba, kuma an sa masa hatimin gwamnati a matsayin abin da ya dace da mutum. Mai gidan da ya kashe kuɗin gyara zai fanshe a jikin ɗan haya, wanda bai ga riba ba zai rufe ya ce kowa ya kama gabansa. Su kuma gadajen haya, wato keji da akwatin gawa, sabuwar dokar ba ta shafe su ba, an bar su ƙarƙashin tsohuwar dokar 1994 mai gado 12. Wanda aka kora daga ƙaramin ɗaki, ina ake zaton zai nufa?

Tun shekaru da dama da suka wuce kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya bayyana gidajen keji a matsayin cin mutuncin ɗan'adam. A Yulin 2021, Xia Baolong, babban jami'in Beijing mai kula da al'amuran Hong Kong, ya ce yana fata birnin zai yi ban kwana da yankakkun ɗakuna da gidajen keji kafin 2049, shekarar da Jamhuriyar Jama'ar Sin za ta cika ɗari. Jami'an birnin suka yi ta jinjina wa wannan jawabi. Dattijon da ke da shekara 70 a ranar da aka yi shi zai kai 98 kafin wa'adin ya cika. Ƙasar da ta gina asibiti a Wuhan cikin kwana goma a 2020, birnin da ya cike teku ya gina filin jirgin sama a kan tsibiri ya buɗe a 1998, su ne suka ba kansu shekara 28 kafin su fitar da tsoho daga keji. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a tana nan a littafin dokokinsu, da ita suka sha karɓar gonakin ƙananan manoma don hanya da layin dogo. Hekta 1,000 na kamfanonin nan ma an san inda suke.